Kauci: a nan ana sara, a tsibirai ana gadi

Mai lambu a fadamar Kwalkwalawa ta Sakkwato idan ya ɗaga kai ya hango kauci ya yi cunkus a reshen lemonsa, ba ya neman shawarar kowa, adda zai ɗauko. Yana da gaskiyarsa, domin reshen da kauci ya kama 'ya'yansa raguwa suke yi, in aka ƙyale shi ma daga baya ya bushe. Amma shiga tsohuwar kasuwa wurin masu magani, sai ka tarar da wannan ganyen a ɗaure ƙulli-ƙulli a kan tabarma, kowane ƙulli da kuɗinsa. Tun kafin a shiga ciniki mai saye zai tambaya, "Malam, wanga na wane icce na?" Kaucin gawo daban, na tsamiya daban, na magarya daban, ko da a ido ganyen iri ɗaya ne.

Wannan tambaya ce masana tsirrai suka shafe shekaru suna bi a wasu tsibirai masu nisa, inda kauci ya zama abin da hukuma ke ware wa kuɗi, ana naɗa wa gindin itacensa kwano don kada dabba ta hau, ana ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Wani nau'insa ma ya riga ya ƙare a duniya. Kafin a gane yadda tsiron da ya dame mu ya zama abin lallaɓawa a wani wuri, sai an fara sanin yadda yake rayuwa.

Kauci ba shi da saiwa a ƙasa. Abin da yake da shi wata gaɓa ce da ke huda ɓawon reshe ta shige har cikin jijiyoyin da itace ke jan ruwa da su daga ƙasa zuwa ganye. Wanda ya taɓa sare reshe mai kauci ya tsaga ya san wurin: wani kumburi ne mai tauri, naman itace da naman kauci sun cuɗanya, ba a raba su sai da fasawa. Daga nan yake zuƙar ruwa da gishirin ƙasa, kamar wanda ya jona bututunsa a famfon maƙwabci. Ganyensa kore ne, don haka yana haɗa wani kaso na abincinsa da hasken rana. Dabararsa ita ce yana barin ƙananan ƙofofin ganyensa a buɗe fiye da na itacen da ya hau, yana zubar da ruwa a iska fiye da shi, wannan ne ke sa ruwan ya riƙa karkatowa wajensa. Shi ya sa a tsakiyar bazara, lokacin da itace ya yi yaushi, za ka ga kauci shar, ka taɓa ganyen ka ji sanyi. Makiyaya sun san haka, shi ya sa suke sassaɓo wa dabbobi shi idan ciyawa ta ƙare.

Akwai nau'in kauci kusan 1,500 a duniya, kuma yawancinsu matsala ɗaya ke gabansu, wato yadda ƙwayar za ta isa reshen da ya dace. In ta faɗi ƙasa ta mutu. Ba ta da ɓawo mai tauri, ba ta iya kwanciya ta jira damina irin ta gero ko ta bagaruwa. Da an raba ta da fatar ɗan itacen sai ta fara tsiro, kuma in ba ta samu reshe ba cikin ɗan lokaci, guzurinta ya ƙare. Abin da Allah ya ba ta shi ne wani yauƙi mai danƙo da ya lulluɓe ta. Tsuntsu ya haɗiye ɗan itacen, ya amayo ƙwayar ko ya kasayar da ita, ta manne masa, ya goge a reshe. In reshen na itacen da ya dace ne, kuma ɓawonsa bai yi kauri ba, kuma rana na samunsa, to an samu sabon kauci. Sharuɗɗan suna da yawa, kuma ko ɗaya ba ya hannun tsiron.

A babbar ƙasa irin tamu, in itace ɗaya ya ragu akwai wani, in tsuntsu ɗaya ya ragu wani zai zo daga maƙwabciyar jiha. Tsibiri ba haka yake ba. Tun 1967 masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka shimfiɗa bayanin cewa gwargwadon ƙanƙantar tsibiri da nisansa daga babbar ƙasa, gwargwadon ƙarancin nau'in halittun da zai iya riƙewa, kuma abin da ya ƙare a cikinsa da wuya wani ya ƙetaro ruwa ya maye gurbinsa. Wannan hukunci ya fi tsanani a kan kauci, domin shi sai abubuwa uku sun haɗu a wuri ɗaya: shi kansa, da itacensa, da tsuntsunsa.

Niyu Zilan ce ta fi kowa sanin wannan a aikace. Nau'in kauci 9 aka sani na asalin ƙasar, yanzu saura 8. Wanda ya tafi shi ne Trilepidea adamsii, wanda ke zaune a arewacin tsibirin Arewa, a yankin Coromandel da kewaye. Tun asali ba shi da yawa, kuma 'yan ƙananan itatuwa kaɗan yake hawa a bakin daji. Ganin ƙarshe da aka yi masa a 1954 ne. A 1991 wani masanin daji na Jami'ar Canterbury, David Norton, ya zauna ya bi diddigin abin da ya kashe shi, sai ya tarar ba hannu ɗaya ba ne. An sare dajin an yi gonaki da makiyaya. Tsuntsayen da ke ɗaukar ƙwayarsa sun ragu. Akwai wata dabba mai cin ganye da aka shigo da ita. Sannan, abin da ya fi ba ni haushi a labarin, masu tara samfurin tsirrai su kansu sun taimaka wajen ƙarar da shi: da aka ji yana da wuyar samu, kowa sai ya so ya mallaki busasshen reshe a ɗakin ajiyarsa. Yau rassan na nan a manne a takarda, mai rai kuwa babu.

Dabbar nan ita ce fosam, mai girman kyanwa, mai jela kauri, da Turawa suka kawo daga Ostireliya don cinikin fata, karo na farko a 1837, ta kuma kafu daga 1858. Kafin zuwan mutane, Niyu Zilan ba ta da dabba mai shayarwa a tudu in ba jemage ba, saboda haka tsirranta ba su tanadi wata kariya daga mai hawa itace da dare ya cinye toho ba. Fosam kuwa tana son ganyen kauci, ga ruwa ga laushi. Takan koma wa tsiro ɗaya dare bayan dare har ta ƙarar da shi. Kwanon da ake naɗa wa gindin itace saboda ita ne, santsinsa ke hana ta hawa.

Labarin jan kaucinsu, Peraxilla, ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ne ya fi kama da namu. Nau'i biyu ne, suna hawa itatuwan da Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira tawai, ɗaya daga ciki ma kusan nau'in tawai guda kawai ya sani. A watan Disamba da Janairu, lokacin zafinsu, sukan yi fure ja wur har a hango daga nesa. Sai dai furen ba ya buɗewa yadda ya kamata da kansa. Masana biyu, Jenny Ladley da Dave Kelly, sun bayyana a 1995 cewa sai tsuntsu ya kama kan furen da baki ya murɗa, sannan ya fashe fat, ƙurar furen ta watsu a kan tsuntsun, shi kuma ya sha zaƙin da ke ciki. Tsuntsaye biyu ne gwanayen wannan aiki, tui da korimako, sai wasu ƙananan ƙudan zuma na ƙasar da ke iya buɗe na nau'i ɗaya da ƙyar. Furen da ba a murɗa ba, da wuya ya yi ɗa. To su kuma tsuntsayen ɓeraye sun sa su gaba, ga wata dabba mai siffar tunku da aka shigo da ita a shekarun 1880 don ta rage zomaye, ta bar zomayen ta koma kan ƙwai da 'yan tsaki. A dajin Craigieburn masu bincike sun gwada yi wa furanni barbara da hannu, sai suka ga 'ya'yan da aka samu sun ninka na waɗanda aka bar wa tsuntsaye. Ma'ana itacen na nan, kaucin na nan yana fure kowace shekara, mai wucewa zai ce lafiya lau, alhali haihuwa ce ke tsayawa a hankali.

Wanda ya ji wannan zai ce ai magani a fili yake, a kashe maharan, tsuntsaye su dawo. An gwada a wannan dajin. An kafa tarkuna, korimako suka ƙaru sosai cikin ɗan lokaci, amma 'ya'yan kaucin ba su ƙaru yadda aka sa rai ba. Haka kuma a gefen tafkin Ohau an tarar da abin da ya saɓa wa zato: kaucin da ke bakin daji da kan itatuwan da suka ɗan ware ya fi na tsakiyar daji samun barbara da yawan 'ya'ya, domin yana son haske, tsuntsaye ma suna son bakin daji. Kenan ɗan tsaga daji yana yi masa daɗi, har zuwa wani mizani, daga nan kuma sai ya koma halaka. Duk mai cewa ya san ƙa'ida ɗaya da za ta yi aiki a kan kowane kauci, bai zauna da shi ba.

A cikin ƙasar dai akwai wani koren kauci, Ileostylus, da aka rubuta shi a kan itatuwa fiye da 200, har da baƙin itatuwan da Turawa suka shigo da su. Shi bai shiga halin da 'yan'uwansa suka shiga ba. Norton da wani masanin tsirrai, Peter de Lange, sun duba wannan bambanci a 1999, suka ce kauci kan kafe a kan itace ɗaya ne a inda wannan itacen ya mamaye daji kuma ya daɗe a haka, inda kuwa itatuwa suke gauraye sai ya koyi hawa kowanne. Kafewa a kan itace ɗaya riba ce muddin itacen na nan birjik. Ranar da wani abu ya same shi, babu wurin gudu.

An ga haka ƙarara a 2017, da wata cutar tsatsar ganye ta iso Niyu Zilan a iska, mai kama dangin itatuwan da manuka da kanuka suke ciki. Akwai wani ɗan mitsitsin kauci marar ganye, Korthalsella salicornioides, da kusan a kan waɗannan biyun kaɗai yake rayuwa. Cutar ba ta taɓa shi ba, amma nan da nan aka ɗaga shi zuwa sahun tsirran da suka fi shiga haɗari, don makomarsa na ɗaure da ta itacensa. A tsibiran Hawai na Amurka ma akwai ɗan'uwansa, Korthalsella degeneri, da ba a samunsa ko'ina sai a duwatsun Waianae na tsibirin Oahu, a kan itatuwa biyu na busasshen daji, olopua da aulu. Amurka ta sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2012. Awaki da aladun da suka koma daji, da gobara, da baƙin ciyayi su ne ke hana itatuwan nan biyu barin baya, saboda haka shingen da za a yi wa kaucin, a zahiri itatuwan ake yi wa.

Mutum na iya tambaya, to in ya ƙare fa? Ai ci-ma-zaune ne. Amsar da ta fi gamsar da ni daga Ostireliya ta fito. Masana biyu, David Watson da Matthew Herring, sun sa an cire kauci kakaf daga wasu gutattakin dazuzzuka, aka bar wasu yadda suke, aka jira shekara uku. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna inda aka cire an rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nau'in tsuntsaye, a cikin mazauna dajin na dindindin kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin mamaki, waɗanda suka fi raguwa masu kiwon ƙwari ne a ƙasa, ba masu shan fure ba. Dalili kuwa, itace kafin ya zubar da ganye yakan janye amfanin da ke ciki, shi kauci da yake a banza ya samu, haka yake zubar da nasa cike da gishirin ƙasa. Ƙarƙashinsa sai taki ya taru, ƙwari su yi yawa, tsuntsaye su samu abinci. A Madagaska ma wasu ƙananan lemur, dabbobi masu kama da biri, suna dogara da 'ya'yan kaucin Bakerella a lokacin da sauran 'ya'yan itace suka yi ƙaranci.

Yanzu mu dawo gida. Sakkwato ba tsibiri ba ce, kuma kaucinmu, dangin Tapinanthus da Agelanthus, yawancinsu irin Ileostylus ne, ba su da zaɓe sosai. Dogon yaro baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, amma sun hau shi sun zauna daram. A Burkina Faso binciken shekarun 1990 ya nuna mafi yawan itatuwan kaɗe suna ɗauke da kauci, a Gana kuma manoman koko sun daɗe suna yaƙi da shi. Manoman kaɗe na kudancin Kebbi da Neja ba sa bukatar a gaya masu. Ba zan ce wa mai lambu ya tausaya masa ba. Abin da zan ce shi ne ya sare daidai: in ya fizge ganyen ya bar kumburin, zai sake tohowa, sai ya datse reshen can baya da kumburin ta wajen gindi, kuma kafin 'ya'yan su nuna tsuntsaye su raba su a sauran itatuwa.

Sai dai akwai abin da ke faruwa a karkararmu da ya sa labarin tsibiran nan ya shafe mu. Bi hanyar Illela ko ta Wurno ka duba inda manyan itatuwan gargajiya suka rage. Kanya, marke, tsamiya, ɗorawa, yanzu a maƙabartu ake ganinsu, da kufai, da gefen fadama, da gonar wani dattijo da ya hana a sare. Tsakanin wannan gungu da wancan, fili ne fetal na gero da yashi, wani lokaci tafiyar kilomita da yawa. Ga ƙwayar da ke manne a bakin ɗan tsuntsu, wadda zai goge cikin 'yan mintuna, wannan fili da teku duk ɗaya ne.

Furen kaucinmu ma sai da tsuntsu yake buɗewa. Ka tsaya ƙarƙashin gawo mai kauci da safe ka ga sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki lanƙwasasshe da ƙyalli a wuya, yana bin furannin ɗaya-ɗaya. Yakan zura baki ta 'yar tsagar da ke gefen furen, sai furen ya tsage farat ya watsa masa ƙura a goshi. Mai raba ƙwayar kuma, babban ma'aikacinta a wannan yanki wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai ɗigon rawaya a goshi, wanda ke kuka tin-tin-tin ba ƙaƙƙautawa da tsakar rana, an fi jin sa a kan ganin sa. Shi a busasshen reshe yake fafe rami ya yi sheƙa. Busasshen reshe kuwa shi ne abin da mai neman itacen girki ke fara karyowa, kuma a inda buhun gawayi da kuɗin gas suka kai inda suka kai, ba wanda zai ga laifinta. Amma ga yadda zaren yake: murhu a cikin gari yana iya rage tsuntsun da ke shuka kauci a ƙauye, ba tare da kowa ya taɓa kaucin ba.

Masu magani kuma suna da gaskiya a kan bambancin itace, fiye da yadda 'yan boko ke zato. Tunda ruwan itacen kauci ke sha, yakan kwaso har da wasu sinadaransa. An tabbatar cewa kaucin da ya hau wani itacen ado mai dafi, oliyanda, yana ɗauke da dafin nan mai taɓa zuciya. Wannan gargaɗi ne ga masu jiƙa kowane kauci su sha don hawan jini ko ciwon suga ba tare da sanin inda aka ciro shi ba. Ta ɗaya gefen kuma, wannan ilimin ne ke sa wanda ya fi wuyar samu ya fi tsada. Kowa ya ji yadda ake ambaton kaucin tumfafiya. Duk haɗin kauci da itace da aka ce ba kasafai ake gani ba, shi ne wanda idan aka gani ake cirewa gaba ɗaya har da reshen, tun bai yi 'ya'ya ba. Irin hannun da ya taimaka wajen ƙarar da Trilepidea ke nan, illa dai can don kimiyya aka yi, nan don asiri da kasuwa. Alhali halin nan da ke ba mai lambu haushi zai iya yi wa mai magani amfani, ya yanki ganye ya bar kumburin, baɗi ya dawo ya sake samu.

A ganina aikin da ya fi gaggawa ba mai tsada ba ne. Ɗalibin ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da zai kai samfurin kauci ɗakin ajiya, ya rubuta itacen da ya ciro shi, da garin, da watan, da ko yana fure, ya kuma ɗauki kaɗan. Ya zauna da masu magani da makiyaya, su ne ke riƙe da taswirar wane kauci ke kan wane itace a wane daji, musamman yanzu da rashin tsaro ya sa shiga wasu dazuzzukan ya zama kasada. Da irin wannan rubutu ne kawai za a bambance wanda ya zama annoba da wanda ke janyewa a ɓoye. Shirye-shiryen dashe kuma, har da Babbar Katangar Itatuwa, shirin tare hamada da Sakkwato ke cikin jihohi 11 da ya ratsa, in suka tsaya a kan dogon yaro da itacen turare, za a samu inuwa, amma kaucin da ba ya zaɓe ne kaɗai zai ci riba. Sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka runguma tun shekarun 1980, inda ake barin kututturen gawo da kalgo da sabara su toho a cikin gona, shi ya fi kusa da cike gibin da ke tsakanin gungu da gungu, don itatuwan wurin yake maidowa.

In kuwa aka bari abin ya kai ga sai an ceto wani nau'i, ƙwarewar tsibiran ta nuna wahalar da ke ciki. Ba a zuba ƙwayar kauci a rumbun adana iri a dawo bayan shekara ashirin kamar yadda ake yi da dawa, ba a kuma raino shi a leda a gandun dashe. A Niyu Zilan ma'aikata da 'yan sa-kai da hannu suke yi: a tsinko nunannen ɗan itacen, a matse ƙwayar ta fito daga fatarta, a manna ta a ƙaramin reshe mai samun rana, a ɗaura alama, a riƙa dawowa ana dubawa. Mafi yawansu tsirowa suke su mutu kafin su huda ɓawon, waɗanda suka kama kuma sai an yi shekaru kafin su yi furen farko. Gwaje-gwaje a kan wasu nau'o'in, har da na kudancin Afirka, sun nuna ƙwaya ta fi kamawa idan aka manna ta a irin itacen da uwarta ta girma a kai, don haka mai shirin ceto sai ya tanadi itacen tun shekaru kafin ya je neman ƙwayar.